Henri Lhote da Matsalar Raɗa wa Zanen Duwatsu Suna: Tsokaci Daga Bauchi

Manufar wannan tsokaci ita ce auna aikin Henri Lhote (1903–1991), Bafaranshen da ya yi fice a nazarin zanen duwatsun Sahara, sannan a dubi zane-zanen ƙasar Bauchi ta wannan fuska.

A 1956 da 1957 Lhote ya jagoranci ayarin masu zane zuwa tsaunukan Tassili n'Ajjer na Aljeriya, suka kwafi ɗaruruwan hotuna, ya kuma wallafa littafi a kansu a 1958. Aikin ba abin rainawa ba ne. Rabe-raben zamunan da ya yayata, wato na ɓauna, na masu kewayayyen kai, na shanu, na dawaki da na raƙuma, har yanzu manazarta na amfani da su, ko da suna yi musu gyaran fuska.

Wajen suna ne gizo ke saƙa. Ɗaya daga cikin wuraren da suka fi yawan zane, Buzaye na kiran sa Jabbaren, wato ƙatti, kamar dai Bahaushe ya ce Samudawa. Sunan kansa bayani ne na yadda mutanen wurin suka fahimci hotunan, kuma Buzu ne, Jebrine, ya yi wa ayarin jagora. Amma da Lhote ya ga wani ƙaton hoto a can, sai ya raɗa masa sunan abin bautar mutanen duniyar Mars. Wataƙila raha ce. Sai dai a 1968 Erich von Däniken ya mayar da hoton hujjar cewa baƙi daga sararin samaniya sun sauka a duniya, har mazanin asali ya ɓace a cikin labarin. Wasu hotuna masu kama da na Masar da Lhote ya buga kuwa, daga baya ta tabbata 'yan ayarinsa ne suka ƙirƙire su.

Amadou Hampâté Bâ da Germaine Dieterlen sun bi wata hanya a 1966, inda suka fassara wasu hotunan shanu da al'adun Fulani, musamman bikin lotori. Jean-Loïc Le Quellec ya soki fassarar, kuma sukar tana da ƙarfi, domin dubban shekaru ne a tsakani. Duk da haka, daga harshen makiyaya suka faro.

To, mu fa? Akwai zane a Shadawanka, a nan gefen birnin Bauchi, akwai na Shira, akwai kuma na Geji a yankin Toro, wanda Hamo Sassoon ya bayyana a mujallar Man a 1960. Sunan da hukuma ta rubuta wa na Geji shi ne Dutsen Zane. Wannan suna ne na mai wucewa: ya faɗi abin da ido ya gani, ya yi gaba. Alhali mutanen Geji suna da harshensu, ɗan dangin Chadi, daga rukunin kudancin Bauchi da Kiyoshi Shimizu ya nazarta a 1978, kuma Hausa na ta cinye harsunan wannan rukuni. Wato a nan Hausa ce ke zaune a mazaunin Faransancin Lhote, abin da ba ya yi wa manazarcin Hausa daɗin ji. A ganina, kafin a ƙara kai kyamara kogon, kamata ya yi a kai rakoda wurin tsofaffin Geji, a tambaye su sunan dutsen, da sunan kowace dabba da ke jikinsa.