Tarabulus ɗin da Shaihu Umar bai gani ba

Ranar da muka gama karanta *Shaihu Umar* a ƙungiya, wani abokinmu ɗan Tawa ya ajiye littafin ya ce an cuce shi. Wai an ja shi tun daga Kagara, an ratsa da shi Sahara a bayan raƙumi, an kai shi har Tarabulus bakin bahar, amma ba a bar shi ya ga garin ba. Na yi ta tunanin maganarsa, don da gaskiyarsa a wani gefe. Sai dai ni ina ganin ya ɗora wa littafin laifin da ba nasa ba, ya ƙyale wanda yake nasa.

Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta littafin ne don gasar da aka yi a Zariya a 1933, aka buga shi a 1934. Labarin yaro ne da aka sace, ya faɗa hannun Abdulkarim, Balarabe mai fatauci, wanda ya ɗauke shi kamar ɗa ya sa shi karatu har ya zama malami. Uwarsa kuwa ta bi sawunsa, aka yaudare ta, ta zama baiwa, ta ƙare a Tarabulus. Can ɗanta ya same ta, can ta rasu.

To, me ke akwai na gani a garin? Da yawa. A wancan zamani Tarabulus na hannun Turkawa, waɗanda suka riƙe ta kai tsaye daga 1835 zuwa 1911. Gari ne mai ganuwa, da babban gidan sarauta a bakin ruwa, da jiragen Turai a tasha. Nan ayarin da ya taso daga Kano ya biyo ta Damagaram da Abzin yake sauke hauren giwa, gashin jimina da jemammun fatu, ya ɗauko yadi, takarda da sukari. Wanda ya san unguwar Zango a Damagaram ya san inda irin waɗannan fatake suke yada zango. Ɓalewa ya wuce duk wannan da sauri.

Amma ƴan uwa, mu tambayi kanmu: da idon wa za a ga garin? Madugu yana da lokacin zaga kasuwa, yana taya kaya, yana kallon teku. Uwar Umar kuwa ita ce kayan. Matar da aka tsallaka da ita hamada don a sayar, ba ruwanta da kyan masallaci ko launin ruwa. A wurinta Tarabulus gidan ubangida ne kawai, da aikin da ba ya ƙarewa. Da marubucin ya tsaya yana zana mana titi da jirage a daidai nan, da ya mai da wahalarta yawon buɗe ido. Shirun nan ya dace.

Ku gwada da Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram daga wajen Kance, wanda shi ma aka kama shi bawa yana yaro. An ƴanta shi kafin ya bi Heinrich Barth ta Bilma da Murzuk zuwa Tarabulus a 1855, daga nan har Landan. Labarin da ya faɗa wa Schön, wanda ya fito cikin *Magana Hausa* a 1885, cike yake da kallo, har yadda Turawa ke zama cin abinci bai bari ba. Hanya kusan ɗaya suka bi da matar nan. Abin da ya bambanta su shi ne ba mai sayar da shi a ƙarshenta.

Inda nake da ja da Ɓalewa shi ne Abdulkarim. Mutumin da arzikinsa ya haɗa da cinikin bayi, shi aka ba mu a matsayin uba nagari, kuma Umar, duk iliminsa, bai tsaya ya tuhumi sana'ar da ta raba shi da uwarsa ba. Komai sai a ce ƙaddara. Haƙuri abu ne mai kyau, amma haƙurin da bai tambayi wa ya ci riba ba, mai riba yake yi wa aiki.

Wannan ba tsohon zance ba ne a wurinmu. Hanyar tana nan, Hilux ce ta gāji raƙumi, daga Agadas zuwa Dirku zuwa Sabha. A 2017 duniya ta ga hotunan da CNN ta nuna ana gwanjon mutane a Libiya. Kowannenmu ya san wani da ya tafi, kuma in ya dawo ka tambaye shi yaya teku take, sau da yawa sai ya kawar da zancen.

Ku karanta littafin, yana da daɗi kuma gajere ne. In kun kai Tarabulus kada ku nemi teku. Ku tsaya wurin matar, ku yi tambayar da ɗanta bai yi ba.