Ɗakin Zane a Kwaleji: Me Ɗalibi Ya Zo da Shi Daga Gida?

Duk wanda ya taɓa riƙe takardar naira ashirin ya ga Ladi Kwali zaune tana ginin tulu. Ba kowa ya san cewa labarinta yana da abin da zai faɗa wa malaman zane da fenti na manyan makarantunmu ba. A 1951 ne Baturen Ingila Michael Cardew ya zaɓi tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, don kafa cibiyar koyar da ginin tukwane. Ya riga ya ga tulunan Ladi a gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, sun kuma burge shi. Ta shiga cibiyar a 1954, ita ce mace ta farko. Ya koya mata juya yumɓu a kan inji, da shafa ruwan ƙyalli, da gashi a tanderu mai tsananin zafi. Amma bai raba ta da abin da ta koya a Kwali tun tana yarinya ba. Ta ci gaba da gina manyan tuluna da hannu, tana tsaga siffar kunama da ƙadangare da kada da kifi a jikinsu, sannan a gasa su da sabuwar dabara. Tulunan suka kai har Landan, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta ba ta digirin girmamawa a 1977.

Fannin fenti ya bi wata hanya dabam. Aina Onabolu, wanda ya yi karatu a Landan da Paris, ya dawo Legas a 1922 da tsarin Turai: auna siffa, sanin nesa da kusa, haske da inuwa. Kenneth Murray da ya zo a 1927 ya fi karkata ga sa yara su zana rayuwar garuruwansu. Tsakanin waɗannan ra'ayoyi biyu aka yi ta kai-komo har sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ya koma Zariya daga Ibadan a 1955. A can ne a 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya, suka ce za su karɓi dabarar Bature amma su gauraya ta da gadon gida. Daga baya Okeke ya koma Nsukka ya mai da zanen uli na matan Ibo abin nazari a jami'a, har ya zama makaranta mai zaman kanta.

Abin da ke damuna shi ne a tsakiyar ƙasar Hausa aka yi wannan yunƙuri, amma zanen Hausa bai sami irin gatan da uli ya samu ba. Alhali kayan suna nan jibge. Akwai adon da magina ke fitarwa a fuskar soro, da bakan gizon masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. Akwai aska takwas a ƙirjin babbar riga, da dagi, da zanen ƙwarya, da allon zayyana da ake yi wa yaro in ya sauke Alƙur'ani. Kowane ɗaya yana da ƙa'idarsa ta rabon fili da jeren launi.

Mu leƙa ɗakin zane a shekarar farko, ko a jami'a ko a kwalejin horar da malamai. Malami ya ɗora tulu da kwalba da lemo a kan tebur, ya yafa yadi a bayansu. Ɗalibai sun kewaye, kowa ya miƙa hannu da fensir, ya rufe ido ɗaya, yana auna tsawon tulun da babban yatsa. Can gefe wani ya ja yadi a kan firam ɗin katako, yana shafa masa farin fentin gida gauraye da gam, saboda wanda aka sarrafa a waje ya fi ƙarfin aljihunsa. Wannan horo yana da amfani ƙwarai, ba na cikin masu rena shi. Shi ne ke koya wa ido ganin abin da ke gabansa, ya daina zana abin da yake zato. Wanda bai yi wata da watanni yana fama da inuwar tulu ba, hannunsa ba zai taɓa faɗawa ba.

Matsalar tana zuwa ne idan an tsaya a nan. Yarinyar da ta tashi tana zana lalle ta san yadda layi ke bin lanƙwasar hannu. Yaron da ya yi makarantar allo ya san fiƙe alƙalami da dafa tawada, ya san nauyin layi da siririnsa. Da wuya a tambaye su. Sai su ɗauka abin da suka sani wasa ne, ilimi kuwa shi ne na cikin littafin Turai. In an zo shekarar ƙarshe aka ce kowa ya nemo salonsa, sai a ga an liƙa dagi a kusurwar hoto don a nuna an tuna da al'ada, ba tare da dagin ya shafi ginin hoton ba.

Akwai kuma batun zana mai rai, wanda ke sa iyaye Musulmi da yawa hana 'ya'yansu wannan fanni. Malamin kirki ba zai yi wa wannan damuwa dariya ba, ba zai kuma yi kamar bai ji ba. Zai zauna da ɗalibin, ya nuna masa faɗin fagen: rubutun ado, da fentin fili da duwatsu, da zanen da ba siffar kowa a ciki, irin wanda marigayi Gani Odutokun ya shahara da shi a Zariya, yana kwarara fenti mai ruwa a kan yadi. Ɗalibin Abuja ma ba shi da uzuri, ga Dutsen Zuma da Aso a gabansa, launinsu na sauyawa daga damina zuwa hazon hunturu.

Duk wannan yana bukatar malamin da shi kansa yake aiki. Fenti sana'ar hannu ce, da kallo ake ɗaukar rabinta, kamar yadda ɗan maƙeri ke koyo a bakin zuga. Yau ƙarin girma a manyan makarantu ya fi rataya a kan takardun da malami ya wallafa, don haka wasu suka ajiye buroshi suka koma rubutu. Ya kamata a riƙa auna malamin zane da baje kolin ayyukansa, ɗalibai su riƙa ganinsa yana haɗa launi yana gogewa yana sakewa. Ya kamata kuma a gayyato magini ko mai zayyana ko mai ɗinkin riga ya yi zango guda a ɗakin zane, a biya shi a matsayin malami, a ba ɗalibai maki a kan abin da suka koya a hannunsa.