Jiran Gawon Shanu: Sharhi a Kan Littafin Dear Committee Members

Daga tsakiyar Fabrairu zuwa tsakiyar Afrilu, wanda ya nemi gurbin digiri na biyu ko na uku a sashen adabin Ingilishi na wata jami'ar Amurka ba shi da aikin da ya wuce duba imel. Tun Disamba ya tura takardunsa: sakamakon karatu, samfurin rubutu mai shafi kamar ashirin, bayanin abin da yake son ya bincika, da wasiƙun shaida guda uku daga malamansa. Ya biya kuɗin neman gurbi da kan kai dala ɗari a jami'a guda, wato wajen jika sittin a kuɗinmu, kuma da wuya ka ga wanda ya tsaya a jami'a ɗaya. Amsar da za ta zo iri uku ce. Ko an ɗauke ka, ko ba a ɗauke ka ba, ko an sa ka a layin jira.

Ta ukun ta fi cin rai, kuma da dalili. Jami'o'in Amurka da yawa sun sa hannu a wata yarjejeniya ta Council of Graduate Schools, cewa ɗalibin da aka ba gurbi haɗe da tallafin kuɗi ba za a matsa masa ya ba da amsa kafin 15 ga Afrilu ba. An yi ta ne don kare ɗalibi, kuma ta kare shi. Sai dai idan jami'o'i huɗu suka ɗauki mutum ɗaya, yana iya riƙe gurabe huɗun nan har ranar ƙarshe yana lissafi, su kuwa waɗanda ke bayansa a layi ba su san shi ba, ba su san lamba ta nawa suke ba, ba su ma san ko layin yana da lamba ba. Saniya ce a gindin gawo, ta ɗaga kai tana jiran iska ta kaɗo mata abin da ba ta iya kaiwa gare shi.

Na kawo wannan ne don littafin da zan yi magana a kansa yana zaune a ɗaya gefen ƙofar da waɗannan mutane ke tsaye a bakinta. Dear Committee Members ƙagaggen labari ne na Julie Schumacher, malamar koyar da rubutun adabi a Jami'ar Minnesota. Ya fito a 2014, kuma a 2015 ya ci kyautar Thurber ta rubutun barkwanci, inda ta zama mace ta farko da ta ci kyautar. Littafin gaba ɗayansa wasiƙu ne, kusan duka na shaida, waɗanda wani farfesa mai suna Jason Fitger ya rubuta cikin shekara guda, daga Satumban 2009 zuwa Agustan 2010. Jami'ar da yake koyarwa, Payne, ƙirƙirarriya ce, amma shekarar ba a zaɓe ta da ka ba. Lokacin ne tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, jami'o'i suka tsuke bakin aljihu, guraben aikin koyar da adabi suka yi ƙasa sosai. A cikin labarin an yanke tallafin ɗaliban rubutu, an naɗa wa sashen Ingilishi shugaba daga sashen nazarin zamantakewa, ana kuma gyara wa sashen tattalin arziki ofisoshi a saman bene, ƙura da ɓaraguzai na zubo wa ƴan adabi a ka.

Fitger mutum ne mai baki. Ya taɓa fitar da littafin da ya yi suna, tauraronsa ya dusashe, aurensa ya mutu, abokai sun watse saboda ya kwashe sirrinsu ya zuba a littattafansa. Abin da ya rage masa shi ne wasiƙar shaida, kuma ya mayar da ita wurin zubar da duk abin da ke cikinsa. Zai fara da yabon ɗalibi, kafin sakin layi na biyu ya koma kan tagar ofishinsa da ta lalace, ko tsohuwar matarsa, ko wani abin da aka yi masa shekara ashirin da suka wuce. Yana rubuta wa mai neman makarantar lauyoyi, yana rubuta wa mai neman aikin kanti. Akwai wadda ya shaida wa kwamiti cewa saninsa da ita bai wuce na ƴan mintoci ba. Akwai inda fom ɗin intanet mai ƙayyade yawan kalmomi ya datse masa magana a tsakiyar jimla. Na yi dariya a wurare da dama, ba zan ɓoye ba, kuma Schumacher ta iya saƙa labari ta hanyar da ba a tsammani: daga wasiƙun da aka aika wa mutane daban-daban kake tsintar tarihin mutumin, guntu a nan, guntu a can.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kujerar da littafin ya zaunar da mai karatu a kai. A tsarin Amurka, mai neman gurbi yakan sa hannu cewa ya yafe haƙƙinsa na ganin abin da malami ya rubuta a kansa, don kwamiti ya fi yarda da wasiƙar da ɗalibi bai gani ba. Ke nan takardar da ta fi kowace nauyi a rayuwarsa ta wannan shekara, shi kaɗai ne ba zai karanta ta ba. To mu masu karatu muna karantawa. Mun zama ƴan kwamitin da sunan littafin ke gaisarwa. Muna jin daɗin salon Fitger, muna jiran baƙar maganarsa ta gaba, har mu manta da cewa kowane shafi akwai wani yaro ko yarinya da ke can yana duba imel, yana zaton malaminsa ya tsaya masa.

A rediyo, idan layin mai kira bai hau iska ba, masu saurare sai su riƙa jin muryar mai gabatarwa kaɗai yana amsawa, yana dariya, yana cewa ƙwarai kuwa, su kuma suna ƙoƙarin gane abin da ɗayan ya faɗa. Haka littafin nan yake tun daga farko har ƙarshe. Ba mu ga amsar ko wasiƙa ɗaya ba. Ba mu ji muryar ɗalibi ko ɗaya ba. Sai dai daga wasiƙa ta gaba mu fahimci cewa an ƙi, ko ba a ma tanka ba.

Wanda wannan shiru ya fi faɗa wa shi ne Darren Browles, ɗalibin da Fitger ya ɗauka tamkar magajinsa. Browles na rubuta littafi, tallafinsa ya yanke, yana buƙatar wuri da ɗan kuɗin da zai zauna ya ƙarasa. Fitger ya rubuta wa wata cibiyar marubuta mai suna Bentham, ya sake rubutawa, ya kuma sakewa. Matsalar ita ce shugabar cibiyar, Eleanor, tsohuwar abokiyar karatunsa ce da ke da tsohon ciwo a kansa, shi kuma ba ya iya rubuta mata layi biyar bai sosa ciwon ba. Ya rubuta wa wakilinsa na harkar ɗab'i. Da abin ya ƙi, ya koma nema wa yaron ƙananan ayyuka. Da kowace wasiƙa burin na raguwa, kuma daga ɗan abin da Fitger ke ambatawa a gefe muna ganin yaron na ramewa, yana janyewa daga mutane. A ƙarshe Browles ya kashe kansa.

Littafin da Browles ke rubutawa sabon zubi ne na labarin Bartleby na Herman Melville, wanda ya fito a 1853. Wanda ya san labarin zai ga abin da Schumacher ta binne a nan. Bartleby magatakarda ne da ya daina aiki, ya daina magana in ba ƙin amincewa cikin ladabi ba, har ya mutu a kurkuku, kuma maigidansa ne ke ba da labarinsa, mutumin da ke ganin kansa mai tausayi. A ƙarshen labarin an ji raɗe-raɗin cewa Bartleby ya taɓa aiki a ofishin da ake tara wasiƙun da ba su isa hannun masu su ba. To ga Browles, ga maigida mai ganin ya yi iya ƙoƙarinsa, ga tarin wasiƙun da suka tafi ba su dawo da komai ba. A nan hannun marubuciyar ya fi nuna ƙwarewa, don ba ta tsaya ta yi mana bayani ba, ta bar wanda ya gani ya gani.

Duk da haka ina da ƙorafi, kuma ba ƙarami ba ne. Mutuwar Browles ta zama makarantar Fitger. Bayan rasuwar, sai muryar farfesan ta yi laushi, ya fara gane cewa kansa yake gani a jikin yaron, ya shiga neman kafa tallafi da sunansa, ya kuma karɓi shugabancin sashen da ya daɗe yana zagi. Mai karatu ya rufe littafin yana jin cewa dattijon nan dai yana da zuciya. Shi kuwa yaron ya shigo bai yi magana ba, ya fita bai yi magana ba, amfaninsa a labarin shi ne ya mutu don wani ya gyaru. Za a iya cewa ai abin da littafin ke son nunawa ke nan, cewa tsarin ba ya jin muryar mai jira. Na yarda da rabin wannan. Amma akwai bambanci tsakanin nuna cewa an toshe wa mutum baki da amfani da toshewar don a samu ƙarshe mai taɓa zuciya, kuma a shafukan ƙarshe littafin ya karkata zuwa na biyun. Da Schumacher ta bar Fitger yadda yake, bai koyi komai ba, yana ci gaba da rubuta wasiƙa ta gaba da ƙwarewarsa ta kullum, da labarin ya fi ciwo, ya kuma fi kama da gaskiya.

Mu da muka tashi da karatun Faransanci muna da abin da za mu auna wannan da shi. Une si longue lettre na Mariama Bâ, wanda ya fito a 1979, shi ma wasiƙa ce, shi ma murya ɗaya ce. Amma alƙalamin yana hannun mai jira. Ramatoulaye tana cikin takaba, wata huɗu da kwana goma ba ta da ikon gaggauta ko kwana ɗaya, kuma daga cikin wannan zaman take rubuta wa Aïssatou. Shi ya sa mai karatu ke jin nauyin kwanakin a jikinsa. A wurin Schumacher kwanan wata na saman kowace wasiƙa, watanni na wucewa, amma ba ka jin tsawonsu, don wanda ke rubutun ba shi ne ke ƙirga su ba. Albashinsa na shiga, kujerarsa ta dindindin ce. Ko da ya yi fushi, fushin mai ƙoshi ne.

Ba ina cewa Schumacher ta rubuta littafin da ba ta yi niyya ba. Ta san farfesoshi, ta zauna a cikinsu, ta zana su da kyau, har ta sake dawowa da Fitger a The Shakespeare Requirement a 2018. Kuma hoton da ta zana na yadda ake yanke hukunci bai yi nisa da abin da bincike ya nuna ba. Julie Posselt, a littafinta Inside Graduate Admissions na 2016, ta yi nazarin yadda kwamitoci ke ɗaukar ɗalibai a sassa goma na jami'o'i uku, ta ga yadda sunan makarantar da mutum ya fito da sunan wanda ya rubuta masa shaida ke yin nauyi, da yadda malamai ke karkata ga wanda ya yi kama da su. Abin da Fitger ya yi da Browles ke nan, ya so shi don ya ga ƙuruciyarsa a jikinsa. Abin da Eleanor ta yi ke nan ta ɗaya fuskar, ta ƙi shi don ta ga Fitger.

Wannan batu na suna shi ne inda littafin ya taɓo mu kai tsaye, ko da yake bai san da mu ba. Browles ya sha wahala ne don kwamiti ya san malaminsa fiye da kima. Ɗalibin da ya gama sashen Ingilishi a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko a Zariya, ko a Legon, tasa matsalar ita ce mai yiwuwa babu wanda ya taɓa jin sunan malaminsa a ɗakin. Wasiƙar na iya zama gajera, mai ladabi, mai faɗin gaskiya ba ƙari, irin yadda malamanmu suka saba, sai ta faɗa cikin tarin wasiƙun da kowace ke rantsuwa cewa ɗalibinta ba a taɓa ganin irinsa ba. Idan kuma ya yi sa'a ya shiga layin jira, aka kira shi bayan 15 ga Afrilu, to a lokacin ne zai fara jiran takardar I-20 daga jami'ar, sannan ya nemi ranar ganawa a ofishin jakadanci, alhali karatu na farawa a ƙarshen Agusta. Jira uku ne a jere, kowane da nasa mai hukunci.

Wanda ke cikin wannan hali yanzu, in ya tambaye ni ko ya karanta littafin, zan ce ya karanta, amma ya bari sai amsa ta zo. Gajere ne, bai kai shafi ɗari biyu ba, ana iya gama shi a zama biyu. Malamai kuwa, musamman waɗanda ɗalibai ke bi ofis-ofis suna roƙon wasiƙa, su ne ya kamata su karanta shi tun a watan Nuwamba, kafin su zauna rubutawa.