Sanɗa da Fito-na-fito a Wasannin Bidiyo na Zamani: Sharhi a kan Tsarinsu

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce yin sharhi a kan wani nau'i na wasannin bidiyo da za mu kira wasannin sanɗa, wato waɗanda ake son mai wasa ya biya bukatarsa ba tare da masu gadi sun gan shi ba. An daɗe ana muhawara a kan yawan faɗan da ya kamata a sa cikin irin waɗannan wasanni. Ra'ayin da za a kare a nan shi ne, wurin da ya dace a auna daidaito tsakanin sanɗa da fito-na-fito shi ne lokacin da asirin mai wasa ya tonu, da abin da yake biyo bayan haka.

2.0 Asalin Nau'in

A shekarar 1987 kamfanin Konami na Japan ya fitar da Metal Gear a kan kwamfutar MSX2. Wasan yaƙi aka nufa da farko, amma na'urar ba ta iya nuna sojoji da harsasai masu yawa a lokaci guda, saboda haka Hideo Kojima ya mai da kauce wa faɗa ya zama jigon wasan. Ke nan rauni ne ya haifi sanɗa. Nau'in ya kafu sosai a 1998, shekarar da Tenchu da Metal Gear Solid da Thief: The Dark Project suka fito. A cikin Thief, tauraron, wato Garrett, ɓarawo ne da ba ya iya ja da dogarai da yawa. Yana da alama mai nuna masa yawan hasken da ke kansa, takunsa a kan ƙarfe ya fi na kan darduma ƙara, kuma yakan kashe wutar jiniya da kibiyar ruwa. A mataki mafi wuya ma an hana shi kisan mutum. Tsoron faɗa shi ya ba ɓuya daraja a wannan wasa.

3.0 Inda Ma'auni Ya Karkata

Akwai illa iri biyu. Ta farko ita ce tsananta hukunci. A wasu sassa na Splinter Cell na 2002, idan aka kaɗa ƙararrawa fiye da ƙima aiki ya ɓaci ke nan, sai a koma baya a sake. Abin da mai wasa yake koya a nan haddar zirga-zirgar masu gadi ce kawai.

Illa ta biyu ita ce sauƙaƙa faɗa. A Splinter Cell: Conviction na 2010 an ba Sam Fisher damar sa wa abokan gaba alama, sa'an nan ya harbe su duka da danna maɓalli ɗaya. To, idan harbi ya fi laɓewa araha, me zai sa mutum ya yi haƙurin jira a cikin duhu? Deus Ex: Human Revolution na 2011 kuwa ya bar mai wasa ya horar da tauraronsa a kan sanɗa, daga baya ya tilasta masa gaba da gaba da manyan abokan gaba. Ƙorafi ya yi yawa har aka gyara waɗannan wurare a bugun 2013.

Dishonored na 2012 ya nemi tsaka-tsaki: yawan kisa yana ƙara ɓeraye da annoba a birnin Dunwall, yana kuma munana ƙarshen labari. Sai dai yawancin makamai da baiwar da aka ba Corvo na kisa ne. Wannan kamar a ba mutum zuma ne a ce kada ya lasa.

4.0 Inda Aka Dace

Metal Gear Solid V: The Phantom Pain na 2015 ya fi kusa da warware matsalar. Idan soja ya hango mai wasa, lokaci yakan yi sanyi na ɗan taƙi don ya rufe bakin sojan kafin ya kai rahoto. In ya kasa, wasa ba ya ƙarewa: ana kiran agaji, ana bincike, shi kuma zai iya gudu ya sake laɓewa. Bugu da ƙari, abokan gaba suna ɗaukar darasi. Mai yawan harbi a ka zai tarar sun sa hular kwano, mai yawan zuwa da dare zai tarar sun sami tabarau na ganin duhu. Haka nan Hitman na 2016, na kamfanin IO Interactive da ke Denmak, ya bar ƙofar harbi a buɗe, amma ya keɓe babban yabo ga wanda ya kashe wanda aka aike shi kaɗai, ya fita ba a san ya shigo ba.

5.0 Kammalawa

Daga misalan da suka gabata za a ga cewa faɗa yana da gurbi a wasan sanɗa matuƙar yana da tsada, kuma tsadar tana bin mai wasa zuwa gaba maimakon ta yanke masa wasan. Saboda haka tambayar da ta kamaci mai nazari ya yi wa kowane sabon wasa ita ce: bayan an gan ni, me na yi hasara, kuma wace dabara ta rage mini? Wasan da ya amsa ɓangarorin biyu da kyau shi ya cancanci a lissafa shi cikin wasannin sanɗa.