Ƙa'idodi Uku da Tambayar da Aka Bari

A shekara ta 1959 waɗansu masana biyu na ƙasar Ingila, William Russell da Rex Burch, suka wallafa littafi a kan yadda ya kamata a riƙe dabbobin da ake gwajin magani da su. Sun kafa ƙa'idodi uku. In akwai wata hanyar gwaji, kada a taɓa dabba. In babu, a rage yawan dabbobin. Waɗanda aka ɗauka kuwa, a sauƙaƙa musu azaba. A 2010 Tarayyar Turai ta sa ukun nan cikin dokarta.

Littafin ya cancanci yabo, gama ya nuna cewa tausayi ba ya ɓata aiki. Ɓeran da tsoro da zafi suka rikita, jikinsa ba zai nuna ainihin aikin magani ba. Mai zaluntar dabba yana ɓata gwajin kansa.

Amma 'yan'uwa, akwai giɓi. Ƙa'idodin sun koya yadda za a yi gwaji, ba su tambaya ko gwajin ya cancanci a yi shi ba. Mu dubi misali. A 1921 Banting da Best suka yi aiki da karnuka a Toronto ta Kanada, a 1922 kuwa aka fara yi wa masu ciwon sukari allurar insulin. Haka kuma maganin saran kububuwa, wanda ke ceton manomanmu: doki ko tunkiya ake sa wa dafin kaɗan kaɗan, sa'an nan a tace maganin daga jininsu. A nan rai ake fansa. Amma an sha ɗiga wa zomaye kayan kwalliya a ido domin kasuwa kawai. Mai yin haka yana iya rage zomayen, ya sassauta musu, ya ce ya kiyaye doka. Sai a 2013 Turai ta gama hana sayar da kayan kwalliyar da aka gwada a kan dabba.

Littafi Mai Tsarki ya ba sa da jaki rabonsu a hutun Asabar, domin amana ne a hannunmu. Mai riƙon amana dole ya iya faɗin abin da ya sa ya taɓa ta. Saboda haka kafin ƙa'idodi ukun, sai a fara da wannan: wahalar dabbar nan, wane mai ciwo za ta taimaka?