Zambon Narambaɗa da Makomar Abokin Hamayya

Mun daɗe muna karanta sharhin manazarta a kan Ibrahim Narambaɗa Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, kuma kusan dukkansu wuri guda suke tsayawa: gwanintar harshe, kwalliya, jinsarwa, dabbantarwa. Duk wannan gaskiya ne. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, wane aiki zambon nan yake yi wa mai mulki, kuma me yake yi wa wanda aka zambata?

A waƙar fada, ɗan sarkin da ya nemi gadon sarauta bai samu ba shi ne abincin makaɗi. Ba a kiran sunansa. Sai a kama tafiyarsa, ko rowarsa, ko wata illa ta jikinsa, a mai da shi wata dabba, har kowa a kasuwar Isa ya gane da wa ake. Daga ranar nan rawaninsa ya rage nauyi. Wanda yara suka yi wa dariya, da wuya dattawa su sake kai sunansa gaba.

Wannan dabara ba tamu ce mu kaɗai ba. A Italiya, kafin Musolini ya hau mulki a 1922, 'yan baƙar rigarsa kan kama ɗan adawa su ɗura masa man zurma, ya ɓata wandonsa a bainar jama'a. Wato kunyatarwa ce ta fara share hanya. Kisa ya biyo baya: a watan Yunin 1924 aka sace Matiyoti, ɗan majalisar da ya tona maguɗin zaɓe, aka kashe shi. A Janairun 1925 Musolini ya tsaya a majalisa ya ce shi ya ɗauki alhakin duk abin da ya faru, a 1926 kuma ya haramta sauran jam'iyyu.

To, shin Narambaɗa ɗan baƙar riga ne mai kotso? A nan muke rabuwa da wasu abokanmu masu ɗaukar kowane makaɗin fada a matsayin karen farautar azzalumi. Sarki Amadu hakimi ne, akwai Sarkin Musulmi a samansa, akwai kuma Bature. Bayan haka, zambo ba ya rayuwa sai abokin gaba yana raye, yana zaune a gari, yana jin waƙar, gobe ma a sake yi masa wata. Makaɗin da aka kashe wa 'yan sarki ya rasa rabin sana'arsa. Ƙasar ma ta san wata mafita: da Ɗan Halima ya saɓa da Bawa ɗan Gwamki a Tsibiri a tsakiyar ƙarni na 19, tashi ya yi da jama'arsa ya kafa Sabon Birni. Mai kama-karya na zamani ba ya barin irin wannan ƙofa a buɗe.

Mun gani da idonmu. A Afrilun 1996 gwamnatin Janar Abacha ta tuɓe Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi. A Disamban 1997 Shehu Musa 'Yar'aduwa ya rasu a kurkukun Abakaliki, a watan nan kuma aka kama Janar Diya, mataimakin shugaban ƙasa. Zuwa Afrilun 1998 jam'iyyu biyar sun tsayar da mutum guda. An yi waƙoƙin yabo a lokacin, ba a rasa ba, amma wa yake rera su yau? A ganinmu dalilin a fili yake: babu wanda ya rage a fagen da za a yi wa habaici, sai yabo zalla kamar tuwo ba miya.

Duk da haka ba za mu wanke Narambaɗa fes ba. Muryar 'yan sarkin da ya zambata ba ta iso gare mu ba, tasa kaɗai muke ji a rediyo da kaset, kuma har yanzu jikokinsu suna nan a Isa suna saurare tare da mu.