Ɗan Kokawa da Alƙalami: Yadda Masu Karatu Suka Karɓi Tietam Brown na Mick Foley

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a dubi yadda masu karatu suka karɓi Tietam Brown, ƙagaggen labari na farko da Mick Foley ya rubuta, wanda kamfanin Alfred A. Knopf na birnin New York ya buga cikin shekarar 2003. Abin da ya sa batun ya cancanci nazari shi ne, ba kasafai ake samun littafin da sana'ar marubucinsa ta riga shi isa wurin mai karatu kamar wannan ba.

An haifi Foley a 1965, ya kuma yi suna a kokawar nan ta Amurka da muke kira resilin, inda ya fito da sunaye uku: Cactus Jack da Mankind da Dude Love. Ya kamata a tuna cewa wannan kokawa ta sha bamban da tamu ta gargajiya, domin a cikinta tun kafin a shiga fage an riga an tsara wanda zai yi kaye, ko da yake dukan da raunin na gaske ne. Shi kansa Foley ya rasa wani sashe na kunnensa na dama a birnin Munich na Jamus a 1994, a wasansa da Vader. Tarihin rayuwarsa da ya rubuta da hannunsa, watau Have a Nice Day na 1999, ya kai matsayi na ɗaya a jerin littattafan da suka fi kasuwa na jaridar New York Times, haka kuma na biyunsa, Foley Is Good na 2001. Saboda haka lokacin da Tietam Brown ya fito, akwai dubban mutane da suka riga sun yanke shawarar irin abin da za su tarar a ciki.

Labarin kuwa na wani saurayi ne ɗan shekara 17, Antietam Brown, wanda ake kira Andy, kuma shi ne mai ba da labarin da bakinsa. Mahaifiyarsa ta rasu wajen haihuwarsa, ya tashi a hannun mariƙa da gidan gyaran halin yara, ba shi da kunne ɗaya, hannunsa ɗaya kuma ya nakasa. Cikin 1985 mahaifinsa, Tietam, ya dawo ya ɗauke shi zuwa wani ƙaramin gari a jihar New York, inda yaron ya faɗa soyayya da Terri, yarinya mai farin jini a makaranta kuma mai riƙo da addinin Kirista. Sunan da uba da ɗa suka gada ya samo asali ne daga yaƙin Antietam na ranar 17 ga Satumba 1862, ranar da ta fi kowace zubar da jini a tarihin Amurka. Marubucin da ya raɗa wa tauraronsa wannan suna ya riga ya yi wa mai karatu kashedi.

Masoya kokawa su ne suka fara ruguwa wurin littafin, kuma da yawansu Foley suka je nema, ba Andy ba. Da suka ga yaro mai kunne ɗaya sai suka ce ai ga mutuminsu nan. Wannan karatu yana da rauni, domin kunnen Foley ya tafi ne a kan sana'ar da ya zaɓa da kansa, jama'a na tafa masa, na Andy kuwa ya tafi ne yana yaro, ba da zaɓinsa ba. Wanda ya ɗauki raunin nan biyu a matsayin abu guda ya kasa ganin ainihin jigon littafin, watau tambayar ko ɗan da aka rena da duka zai iya kauce wa halin ubansa. Wasu daga cikinsu kuma sun ji an yaudare su, domin sun saba da barkwancin tarihin rayuwarsa, sai ga fyaɗe da cin zarafin yara da kisa. Littafin bai yi kasuwa kamar na baya ba, ko da yake ya shiga jerin waɗanda aka zaɓa don kyautar masu karatu ta kamfanin WHSmith na Ingila a 2004.

Martanin masu karatun adabi ya fi ban sha'awa, kuma a ganina ya fi buƙatar a tsaya a kansa. Yabon da aka fi ji daga wannan ɓangare shi ne na mamaki: ashe ɗan kokawa ya iya rubutu. Irin wannan yabo yana tafe da raini a cikinsa, domin an sauke ma'auni ne tukuna sannan aka ce mutum ya tsallake. Ba a yi wa John Irving haka ba, alhali shi ma ya yi kokawar makaranta shekaru masu yawa, kuma tauraronsa Garp, a littafinsa na 1978, shi ma ya rasa wani sashe na kunne yana yaro. Bambancin kawai shi ne Irving ya shigo adabi ta ƙofar jami'a, Foley kuwa ta ƙofar talabijin. Manazarcin da ya tsaya a kan mamaki bai ce komai game da salo ko zubi da tsari ba.

Amma kuma waɗanda suka ce a manta da sana'ar marubucin baki ɗaya, a dubi littafin shi kaɗai, su ma sun bar wani abu muhimmi. Resilin ai ba da labari ne da jiki. Ƙa'idarsa ita ce a bar mugu ya yi ta jibgar na kirki har tausayin 'yan kallo ya cika, sannan a ƙara wani dukan da ya fi na baya, domin idan dukan bai ƙaru ba, ihun jama'a zai ragu. Foley ya yi shekaru fiye da 15 yana wannan aiki, har aka jefo shi daga saman keji a Pittsburgh a 1998. Wannan tarbiyya ce ta ba shi abin da ya fi kyau a littafin, watau iya sa mai karatu ya so Andy tun daga shafukan farko, ta harshe mai sauƙi da raha irin ta wanda ya sha wuya bai zama mai ɗaci ba. Ita ce kuma ta jawo babban aibinsa. A fage ana iya ɗora masifa a kan masifa, domin minti 20 ne a tashi. A ƙagaggen labari kuwa mai karatu yana buƙatar wurin da zai numfasa ya auna abin da ya faru. Zuwa kashin ƙarshe na littafin, bala'o'in sun yi yawa har sun daina ciwo. Masu karatun da suka ajiye shi a nan, ba tsoron jini ya kore su ba kamar yadda masu kare littafin ke cewa. Gajiya ce, kuma suna da hujja.

Terri ma ba ta samu adalci ba. An gina ta ne domin ta zama lada ga wahalar Andy, ba a ba ta rayuwar kanta ba.

Abin da kusan duk ɓangarorin suka yarda da shi, ko da ba su faɗa da murya ɗaya ba, shi ne uban. Tietam mashayi ne, mai bin matan mutane, mai motsa jiki tsirara a tsakar gida, mai ban dariya har mai karatu ya sake da shi, sannan a hankali muguntarsa da tarihinsa na tsohon ɗan kokawa su bayyana. A nan ne kaɗai Foley ya yi haƙuri, ya bar abin tsoro ya taso da kansa ba tare da ya yi shela ba. Kuma lura da cewa yaron Andy ake kiransa, uban ne ake kira Tietam: sunan uban ne a bangon littafin, ba na mai ba da labarin ba.